Yadda za a shawo kan zafi bayan canjin gwiwa idan an yi aiki da allurar kashe jijiya

Tambayar ta fito ne daga wani bawan Allah a Garwa, ƙasar Kamaru. Mahaifiyarsa, mai shekara 68, ta daɗe tana fama da ciwon gwiwa har ta kai ba ta iya ratsa tsakar gida sai da sanda, kuma likitan ƙashi ya ba da shawarar a canza mata gwiwar dama. An gaya musu ba za a sa ta barci gaba ɗaya ba, allura za a yi mata a baya, a ƙara wata a cinya. Hajiya ta tsorata domin ta sha jin cewa allurar baya tana shanye ƙafa, shi kuwa zafin bayan aiki ne ya fi damunsa, har yana tambaya ko ya tanadi tiramol tun yanzu.

Malam, Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa a yi aikin a sa'a, ya kuma saka maka da alheri kan ɗawainiyar da kake yi. Aikina shi ne sa barci da kashe zafi a ɗakin tiyata, kuma tsarin da aka zaɓa mata shi ne wanda ni ma zan zaɓa wa tawa mahaifiyar idan babu wani dalili na lafiya da ya hana. Sai dai akwai abin da nake so ka riƙe tun daga farko, domin a nan ne iyalai da yawa suke shan wahalar da ba ta zama dole ba. Waɗannan allurai sa'o'i ƙididdigaggu suke yi a jiki, sannan su sake. Canjin gwiwa kuwa yana cikin ayyukan da suka fi zafi a tiyatar ƙashi, musamman a kwana biyu zuwa uku na farko. Saboda haka magungunan sha dole ne su riga sun shiga jikinta kafin allurar ta sake, kuma sa'o'in sauƙin da allurar ta ba ta, a yi amfani da su wajen fara motsa gwiwar.

Bari in fara da tsoron Hajiya, domin mai jin tsoro ya fi kowa jin zafi. Allurar baya, wadda za ka ga an rubuta rachianesthésie a takardar asibiti, ba sabuwar aba ba ce. Wani likita Bajamushe mai suna August Bier ne ya fara yin tiyata da ita a birnin Kiel a 1898, kuma ita ce ake yi wa mafi yawan matan da ake ciro wa jariri a asibitocinmu. A jikin baligi, lakar da ke cikin ƙashin baya tana ƙarewa ne daidai ƙashin ƙugu na farko ko na biyu, mu kuma muna shigar da allurar a ƙasa da nan, tsakanin na uku da na huɗu ko na huɗu da na biyar, inda babu laka sai ruwa da zaren jijiyoyi. Za a zaunar da ita a bakin gado, ta rungumi matashi ta sunkuya, a goge bayan da magani mai sanyi, ta ji tsini kaɗan da ɗan dannawa. Cikin mintuna kaɗan za ta ji ɗumi yana sauka a ƙafafunta, su yi nauyi, ta kasa ɗaga su. Wannan rashin motsi shi ne aikin maganin, kuma bayan sa'a biyu zuwa huɗu yatsu za su fara motsi, sauran ƙafar ta biyo baya. Idan ba ta son jin ƙarar kayan aiki, ana iya ba ta maganin gyangyaɗi ta ƙarin ruwa, tana numfashi da kanta.

Abubuwan da aka fi gani tare da allurar baya su ne saukar jini na ɗan lokaci, wanda muke gyarawa nan take, da rawar sanyi, da wahalar yin fitsari na wasu sa'o'i. Akwai ciwon kai da kan zo bayan kwana ɗaya ko biyu, mai tsananta idan an tashi zaune, ya lafa idan an kwanta, amma ya fi kama matasa, kuma siraran allurai na yanzu sun rage shi sosai. Shanyewar ƙafa ta dindindin abu ce mai matuƙar wuyar aukuwa, kuma ɗaya daga cikin manyan hanyoyinta ita ce jini ya taru a cikin ƙashin baya ga wanda ke shan maganin tsinka jini. Don haka ka kwashe duk abin da Hajiya ke sha, na asibiti da na gargajiya, ka kai wa likitan sa barci a ganawar da ake yi kafin aiki. Idan tana shan maganin tsinka jini mai suna kilofidogirel, galibi ana dakatar da shi kwana 5 zuwa 7 kafin allurar, amma likita ne zai yanke wannan, kada a daina da ka.

Allurar cinya ita ce ta bayan aiki. Jijiyoyin da ke kai saƙon zafi daga gwiwa zuwa ƙwaƙwalwa kamar wayoyin lantarki suke a gari, kowace unguwa da layinta, kuma kashe layi ɗaya ba ya ɗauke wutar sauran. Gaban gwiwa da gefenta na ciki suna kan layin da ya fito daga babbar jijiyar cinya, bayan gwiwa kuma yana kan layin wata babbar jijiya da ke saukowa ta bayan cinya. A da, mun fi kashe babbar jijiyar cinya tun daga matsematsi. Tana kashe zafi ƙwarai, amma tana kashe naman gaban cinya wanda ke miƙar da gwiwa, sai mai jinya ya tashi yana jin garau, ƙafa ta lanƙwashe masa ya faɗi a kan sabon aiki. Shi ya sa yanzu aka fi son saukowa tsakiyar cinya ta ciki, inda reshen da ke ɗauke da ji ya bi ta wani lungu kusa da jijiyar jini. Likita yana kallon wurin da na'urar eko, wato irin wadda ake hoton ciki da ita, yana ganin bakin allurar, ya zuba maganin kashe zafi kamar rofibakayin ko bufibakayin, wajen mililita 15 zuwa 20, a kewayen jijiyar. Zafin gaban gwiwa ya ragu, ƙarfin cinya kuma ya zauna kusan yadda yake.

Wannan allura ba ta kai bayan gwiwa, kuma yana da kyau Hajiya ta san haka don kada ta ɗauka an yi kuskure. Hanyoyi biyu ake bi a rufe wannan giɓi. Ta farko, likitan ƙashi da kansa ya tsira maganin a naman da ke kewaye da gwiwar, ciki har da bayanta, kafin ya ɗinke. Likitoci biyu a birnin Sidni na Ostareliya, Kerr da Kohan, su ne suka yaɗa wannan dabara da rahoton da suka fitar a 2008. Ta biyu, likitan sa barci ya ƙara wata allura da eko tsakanin jijiyar jinin bayan gwiwa da jakar gaɓar. Wani kwamitin ƙwararru mai suna PROSPECT, wanda ke tace binciken da aka yi kan zafin kowane irin aiki, ya fitar da shawararsa kan canjin gwiwa a 2022: farasitamol da maganin kumburi, allurar tsakiyar cinya sau ɗaya, tsira magani a kewayen gwiwa, da deksametazon sau ɗaya ta jijiyar jini lokacin aiki, sannan a ajiye magunguna masu ƙarfi dangin mofin sai an buƙata. Deksametazon yana rage kumburi da amai, amma yana ɗaga suga na kwana ɗaya ko biyu, don haka idan Hajiya tana da ciwon suga a riƙa aunawa.

Ba kowane asibiti ne ke da eko a ɗakin tiyata ba, ko wanda ya ƙware a wannan allura, kuma babu laifi ka tambaya kai tsaye, ko a Garwa za a yi aikin, ko a Yawunde ko Duwala, ko a ƙasar waje. Inda babu, tsira magani a gwiwa ba ya buƙatar wata na'ura, kuma ana iya haɗa ɗan mofin kaɗan, wajen maikirogiram 100, a cikin allurar baya, wanda ke rage zafi kusan yini da kwana, amma yana kawo ƙaiƙayi da tashin zuciya, kuma sai an sa ido kan numfashinta a daren farko. Idan babbar jijiyar cinya aka kashe mata, ita ma hanya ce karɓaɓɓiya, muddin ba za ta taka ƙasa ba sai da abin da ke riƙe gwiwa a miƙe da mutum a gefenta.

Yanzu ga wurin da nake so ka fi mai da hankali. Allurar cinya da aka yi sau ɗaya takan yi sa'a 12 zuwa 24. Idan an yi aikin da hantsi, lissafi yana nuna cewa za ta iya sakewa a tsakiyar dare ko da asuba. Abin da muka saba gani shi ne, da yamma mai jinya tana hira da 'yan dubiya, an kawo mata magani ta ce ba ta jin komai, a ajiye sai ta buƙata. 'Ya'ya su ma sun ji daɗi, sun yarda. Can wajen ƙarfe biyu na dare zafi ya taso gaba ɗaya, ba a hankali ba, tana gumi tana salati, ma'aikaciyar jinya ɗaya ce a kan gadaje da yawa, wani lokaci ma maganin da aka rubuta ba a sayo ba kuma kantin magani ya rufe. Ƙwayar da aka haɗiya a wannan lokaci tana buƙatar rabin sa'a zuwa sa'a guda kafin ta fara aiki, kuma zafin da ya riga ya kai ƙololuwa ya fi cin magani. Maganin wannan mai sauƙi ne. Ka tambayi likitan sa barci ƙarfe nawa aka yi allurar da lokacin da yake tsammanin za ta sake, ka tabbatar duk magungunan daren suna hannu tun da rana, kuma a ba ta farasitamol da maganin kumburi bisa agogo tun daga yammacin ranar aiki, ko tana jin zafi ko ba ta ji. Idan ta fara jin kamar tururuwa na yawo a cinya ko gwiwa, alamar sakewa ce, a sanar da ma'aikatan jinya a lokacin. A wasu asibitoci ana barin siririn bututu kusa da jijiyar ana ci gaba da zuba magani kwana biyu ko uku, amma ko da shi wannan ƙa'ida ba ta canzawa, ranar cirewa ce kawai ta zama ranar lura.

Farasitamol shi ne ginshiƙi, kuma mutane suna raina shi saboda sabo. Ga baligi, giram 1 duk bayan sa'a 6, kada a wuce giram 4 a yini, kuma ga tsohuwa mai rauni, ko wadda ba ta kai kilo 50 ba, ko mai ciwon hanta, likita zai rage. Ka lura cewa Doliprane da Efferalgan da Dafalgan da Panadol duk abu ɗaya ne, kuma akwai ƙwayoyin da aka haɗa farasitamol da tiramadol a ciki, don haka a karanta kwali kada a ninka ba a sani ba. Irin wanda ake narkarwa a ruwa yana da gishiri da yawa, mai hawan jini gara ta sha na haɗiya.

Magungunan kumburi, irin su ibufurofen da diklofenak da selekoksib, suna aiki sosai a kan zafin gwiwa, amma su ne suka fi buƙatar taka-tsantsan a shekarun Hajiya. Suna iya taɓa ƙoda, su tayar da gyambon ciki, su ɗaga hawan jini, su kuma ƙara zubar jini idan an haɗa su da allurar hana daskarewar jini da za a riƙa yi mata bayan aiki. A gwada ƙodarta kafin a fara, a sha guda ɗaya kawai daga cikinsu, bayan an ci abinci, na kwanakin da likita ya ƙayyade. Wannan ya fi muhimmanci a wajenmu, domin a watannin Maris da Afrilu zafin Garwa yana haura digiri 40, tsofaffi kuma ba su cika jin ƙishirwa ba, sannan mai sabon aiki takan rage shan ruwa da gangan don gudun tashi zuwa banɗaki. Ƙarancin ruwa a jiki tare da diklofenak hanya ce ta lalata ƙoda. Idan aikin ya faɗo kusa da azumi, a tattauna da likita tun da wuri, domin makonnin farko ba lokacin barin ruwa da magani yini guda ba ne, kuma addini ya yi wa marar lafiya rangwame.

Game da tiramol, amsata ita ce kada ka sayo shi da kanka, balle na tebur ko na kasuwa. Tiramadol, wato tiramol, magani ne na gaskiya kuma yana da gurbinsa a nan, a matsayin abin da ake ƙarawa idan na farkon ba su isa ba, ko kafin motsa jiki mai tsanani. Abin da likita ke rubutawa miligiram 50 zuwa 100 ne a lokaci guda, iyakarsa 400 a yini, ƙasa da haka ga tsofaffi da masu ciwon ƙoda. Wanda ke yawo a hannun matasa a garuruwanmu kuwa akwai mai 225 a ƙwaya ɗaya, kuma babu mai tabbatar maka da abin da ke cikinta. A jikin tsohuwa yana kawo jiri da amai da ruɗewa da taurin bayan gida, yana iya tayar da jijjiga, kuma jiri a kan sabuwar gwiwa faɗuwa ce. Idan zafi ya fi ƙarfin wannan a asibiti, mofin na kwana ɗaya ko biyu ƙarƙashin kulawa ba abin tsoro ba ne, kuma bai kamata a bar ta tana wahala don gudun sabo ba. Abin da ya rage bayan ta warke a mayar ko a lalata, kada a bar shi a gida inda akwai samari.

Muddin ƙafar tana sage, ba za ta iya kare kanta ba. Kada a ɗora mata tsumman ruwan zafi, kada a matso da kaskon wuta kusa da ita ko da lokacin hunturu ne, domin fata za ta ƙone ba ta ji ba. Ƙanƙara ita ce ta dace, a naɗe ta a tawul, minti 15 zuwa 20, sau da yawa a yini, ba tare da jiƙa bandeji ba. Kafin ta tashi tsaye karo na farko, ta gwada ɗaga ƙafar a miƙe daga kan gado, ta zauna a bakin gado har jiri ya wuce, sannan ta miƙe da sandar nan mai ƙafa huɗu, ma'aikaci yana riƙe da ita. Idan a sa'o'in farko bayan allura ta ce tana jin ɗanɗanon ƙarfe a baki, ko kunnenta na ƙara, ko leɓenta ya mutu, ko maganarta ta rikice, a kira ma'aikata nan take, domin alama ce maganin kashe zafin ya shiga jini da yawa, kuma akwai maganinsa idan an yi sauri. Haka nan idan sa'a huɗu sun wuce bayan allurar baya ƙafa ba ta fara motsi ba, ko ƙarfi ya dawo sannan ya sake tafiya tare da ciwon baya ko kasa riƙe fitsari.

Dalilin duk wannan ƙoƙari shi ne motsi. Gwiwar da aka bari a kwance saboda zafi tana yin tauri, kuma taurin da ya kama a makonnin farko yana da wuyar warwarewa, har wani lokaci sai an mayar da mutum ɗakin tiyata a lanƙwasa ta da ƙarfi yana barci. Shi ya sa ake tayar da mai jinya a ranar aiki ko washegari, kuma mai koyar da motsa jiki, wato kine, yana neman gwiwa ta miƙe sarai ta kuma lanƙwashe zuwa digiri 90 a makonnin farko. A ba ta magani kamar minti 45 kafin ya zo. Kada a cusa matashi a ƙarƙashin gwiwa ko da ta ce nan ne take jin daɗi, a sa shi a ƙarƙashin dunduniya, in ba haka ba gwiwar za ta saba da lanƙwasa ta ƙi miƙewa. Ba ma neman zafi ya ɓace ƙaf, abin da muke nema shi ne ya sauka har ta iya barci, ta ci abinci, ta yi atisayenta.

A gida, ku shirya tun kafin a sallame ta. Ta kwana a kan gado mai tsayi, ba a tabarma ko katifar ƙasa ba, a samo mata kujerar banɗaki domin tsugunawa a masai ba za ta yiwu ba, ta yi alwala da salla a kan kujera. Gwiwar da aka canza galibi tana tsayawa wajen digiri 110 zuwa 125, abin da ya isa tafiya da hawa bene da zama a kujera, amma bai kai na zaman tahiya a ƙasa ba, gara ta ji wannan daga yanzu. Za a samu masu ba da shawarar a kira maɗori ko a yi gashi da tausa mai ƙarfi, ka hana cikin ladabi, domin ba karaya ba ce, ƙarfe da roba ne aka dasa, kuma duk abin da aka shafa ko aka tsaga kusa da ɗinkin zai iya shigar da ƙwayar cuta. Idan a kudu aka yi aikin, kada a gaggauta dawowa, domin kwana a jirgin ƙasa zuwa Ngaundere da sa'o'in mota zuwa Garwa suna kumbura ƙafa kuma suna ƙara haɗarin daskarewar jini. Likita ya faɗi ranar tafiya, ta riƙa motsa idon sawu a hanya, a tsaya ta ɗan taka, kuma kada a tsallake maganin hana daskarewar jini, wanda akan yi aƙalla kwana 10 zuwa 14.

Zafin yakan fi tsanani a mako biyu na farko, musamman da dare, sannan ya riƙa sauka, kuma yawancin mutane sun bar magunguna masu ƙarfi kafin mako shida. Kumburi da ɗumin gwiwa na iya kai watanni, cikakken sauƙi kuma har shekara. Wani ɗan wuri a gefen tabon ta waje zai iya zama a mace, saboda ƙaramar jijiyar fata da yankan ya ratsa, ba laifin allurar cinya ba ne kuma ba ya hana komai. Bincike ya nuna kusan mutum ɗaya cikin biyar yana ci gaba da jin wani zafi bayan watanni, kuma zafi mai tsanani da aka bari a kwanakin farko yana cikin abubuwan da ake dangantawa da hakan, don haka kada Hajiya ta ɓoye abin da take ji saboda kunya ko juriya irin ta iyayenmu. Zafin da ya dawo yana ƙaruwa bayan ya fara lafawa, ko ɗinki yana fitar da ruwa, ko sha-raɓa ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yi wuya da ciwon ƙirji, duk waɗannan na komawa asibiti ne a ranar. Idan zazzaɓi ya zo, kada a ce na cizon sauro ne a sayo magani a kanti, a gwada jini kuma likitan da ya yi aikin ya duba gwiwar da idonsa.